Faifan gem na hannu: wa ake cuta idan ka saya?

Ranar wata Asabar ɗan yayata ya shigo mini da faifan gem na PS4, na'urar wasan kamfanin Sony, a hannu. Kwalinsa ya ɗan tsage ta gefe, ga takardar farashin wani shago na Ingila har yanzu manne a bayansa. Ya zaro faifan ya ɗaga shi wajen hasken taga yana duba ko akwai karce, ya hura masa iska, ya goge da bakin rigarsa. Na hannu ne, kuma daga gani ba shi ne mutum na biyu da ya riƙe shi ba. Yaron karatun kwamfuta yake yi, burinsa wata rana ya ƙera wasa da hannunsa. Sai ya ce mini, "Kawu, ni da nake son shiga sana'ar nan, in ina sayen na hannu, anya ba cutar masu yin ta nake yi ba?"

Na ji daɗin tambayar, don alama ce ta yaron da ke tunanin haƙƙin wani. Kuma ba shi ya fara yin ta ba. An shekara fiye da ashirin ana wannan ja-in-ja a Japan da Amurka da Turai, an je kotu, an ɓata tsakanin kamfanoni da masu sayen kayansu. Amsar da na ba shi ita ce zan shimfiɗa a nan.

Sai mun fara bin sawun kuɗin kafin komai. Idan aka ce "masu yin gem", jama'a uku ake haɗawa a baki ɗaya alhali aljihunsu daban. Akwai masu ƙera wasan, wato masu zane, masu rubuta manhaja, masu haɗa sauti, masu gwaji. Akwai kamfanin da ke zuba jari ya buga ya tallata, irin su EA da Ubisoft da Activision. Sannan akwai mai na'ura, Sony ko Microsoft ko Nintendo, wanda ke karɓar nasa kaso a kan kowane sabon faifan da aka buga don na'urarsa. A yawancin yarjejeniyoyi, mai jari yana biyan masu ƙerawa kuɗin aiki kashi-kashi yayin da aikin ke tafiya, kuma ba za su fara ganin kason ciniki ba sai mai jari ya mayar da abin da ya kashe. Wasanni da yawa ba sa kai wa wannan gaɓar ma. Shi kuwa ma'aikacin da ya kwana yana zana fuskar jarumin wasan, albashi yake ɗauka a ƙarshen wata.

Idan ka sayi sabon faifai, kuɗinka yana rabuwa tsakanin mai shago, mai na'ura, mai jari, wani lokaci har ya gangaro ga masu ƙerawa. Idan ka sayi na hannu, kuɗin yana tsayawa tsakanin wanda ya sayar da dillalin da ya shiga tsakani. Ko kwabo ba ya komawa kamfani. Wannan gaskiya ce da babu mai musun ta.

Amma kada a haɗa shi da satar fasaha, domin mutanenmu kan cakuɗa su. Wanda ya kai na'urarsa aka buɗe ta aka loda masa wasa talatin a ciki, kwafi talatin aka ƙirƙiro waɗanda ba a taɓa biyan kuɗinsu ba. Faifan hannu kuwa kwafi ɗaya ne tak, an riga an biya kuɗinsa cif, kuma ranar da ya shiga hannunka ya fita daga hannun mai shi na farko. Shi ya daina bugawa, kai ka fara.

To me ya sa kamfanoni suka tayar da jijiyar wuya haka, alhali masu ƙera mota ba sa kuka da kasuwar motocin Kwatano? Suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Mota tana tsufa. Wanda ya sayi ta hannu ya san injin ya sha tafiya, kujeru sun koɗe, kuma zai riƙa komawa sayen kayan gyara. Faifai kuwa in dai bai karce ba, abin da mutum na farko ya gani shi mutum na biyar zai gani, babu ragi ko na ƙwayar zarra. Ga shi kuma wasan labari mutum na iya gama shi cikin kwana uku ya mayar shago. Ke nan a makon farko na fitowar wasa, lokacin da kamfani ke sa ran mayar da jarinsa, na hannu ya riga ya hau kanta kusa da sabo.

A Amurka wannan ya zama babbar sana'a a hannun shagunan GameStop. A shekarun da kasuwar ke tashe, wajen 2011, cinikin kayan hannu kaɗai na kamfanin ya haura dala biliyan biyu da rabi a shekara. Ribar da yake samu a kan sabon wasa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na farashi ba, amma a kan na hannu tana kusan kai wa rabi. Duk ɗan kasuwa ya san inda zai karkata. Mutum ya shigo da niyyar sayen sabo na dala 60, sai yaron shago ya nuna masa na hannu a dala 55. Dala biyar kacal ya rage, amma kamfanin da ya yi wasan ya tashi a tutar babu. A wannan gaɓar ni ma ina tare da masu ƙorafi: wannan mai saye ne da ya riga ya zaro kuɗin sabo, dillali ya tare shi a bakin ƙofa.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na wasan Heavy Rain, wanda kamfanin Quantic Dream na Faransa ya fitar a 2010. A 2011 ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, Guillaume de Fondaumière, ya ce sun sayar da kwafi kusan miliyan biyu, amma alƙaluman na'ura sun nuna mutum sama da miliyan uku ne suka buga wasan. A lissafinsa, ya yi asarar tsakanin yuro miliyan biyar zuwa goma.

A wannan lissafin ne na fara rabuwa da su. Cikin wannan miliyan ɗayan akwai ƙanin da ya buga faifan yayansa, akwai abokin da aka ara wa, akwai gida ɗaya mai asusu uku a na'ura ɗaya. Akwai kuma wanda ya saye shi a kwata na farashi bayan shekara guda, wanda da a ce babu na hannu ba zai taɓa sayen sabo ba, sai dai ya haƙura. Wanda bai da niyyar saye tun asali ba a lissafa shi a cikin asara.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan maganar. Damar sayarwa wani ɓangare ne na darajar sabon kaya. Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar waya ya san haka: kana ƙirga kuɗin kana tunanin nawa za a saye ta in ka tashi canzawa. Shi ya sa wayar da ke da kasuwar hannu take fin wadda ba ta da ita shiga. Haka gem yake. Saurayin da ya san zai iya mayar da faifai ya karɓi dala 25, a zuciyarsa dala 35 ya sayi wasan, ba 60 ba. Ka cire masa wannan damar, sai ya tsaya ya yi ta auna ko wasan ya kai, kuma sau da yawa sai ya fasa. Sannan kuɗin da ya karɓa ba gida yake kai su ba. GameStop ya sha cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da yake biyan masu kawo tsofaffin faifai a kan sababbin wasanni suke kashe shi nan take. Maganar mai kare sana'arsa ce, dole a saurare ta da lura, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan shago ya ga yadda ake haɗa tsofaffi uku a ɗauki sabo ɗaya.

Wasu malaman jami'a biyu, Masakazu Ishihara da Andrew Ching, sun bi diddigin kasuwar Japan don gano abin da zai faru in an rufe kasuwar hannu gaba ɗaya. Abin da suka gano ya zo da fuska biyu. In aka rufe ta aka bar farashin sabo yadda yake, ribar kamfanoni raguwa za ta yi, saboda masu saye za su ja baya. In kuwa kamfanoni suka sassauto da farashi sosai, to ribarsu za ta ƙaru. Ke nan akwai abin da kasuwar hannu ke ɗauke wa kamfani, amma ba zai dawo masa ba sai ya yarda ya rage kuɗin kayansa. A riƙe wannan sharaɗin, za mu dawo kansa.

Ta fuskar doka maganar ta daɗe da yankewa. Tun 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci a shari'ar wani kamfanin buga littattafai da ya so ya hana shago sayar da littafinsa ƙasa da dala ɗaya: in ka sayar da kwafi, ikonka a kan wannan kwafin ya ƙare. A Japan manyan kamfanoni irin su Capcom da Konami da Sega sun kai masu shagunan hannu ƙara, suna cewa gem tamkar fim ɗin sinima ne, su ke da ikon rarraba shi har abada. A Afrilun 2002 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a'a, sayar da na hannu halas ne.

Da kotu ta ƙi, sai aka koma dabara. A 2010 EA ta fito da tsarin saka takarda mai lambar sirri a cikin kwalin sabon wasa, har da wasan ƙwallo na FIFA. Lambar sau ɗaya take aiki. Wanda ya sayi na hannu, in yana son ya kara da wasu ta intanet, sai ya biya dala goma. Ubisoft da Sony da THQ suka bi sahu. Wasu suka wuce nan: a wasan Batman: Arkham City na 2011, wani yanki na labarin kansa aka kulle a bayan irin wannan lamba. Abin ya fi damun wanda ya sayi sabo da kuɗinsa, domin shi ne zai zauna yana danna haruffa da lambobi kafin ya fara wasa. A 2013 EA ta yi watsi da tsarin, ta ce masu saye ba su karɓe shi ba, sauran ma suka janye.

A shekarar ne kuma aka yi karon battar da har yau ake tunawa. Farkon Yunin 2013 Microsoft ta bayyana ƙa'idojin sabuwar na'urarta Xbox One: dole na'ura ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba wasanni su tsaya, faifai ba za ka ba aboki ba sai sau ɗaya, shi ma sai ya kwana talatin a jerin abokanka, sayar da na hannu kuma sai a shagunan da aka amince da su, in kamfanin wasan ya yarda. Jama'a suka yi caa. Kwanaki kaɗan bayan haka, a babban taron baje kolin wasanni na E3 a Los Angeles, Jack Tretton na Sony ya hau dandamali ya ce PS4 ba za ta hana kowa sayarwa ko ara ba, zauren ya kaure da tafi. Suka kuma saki wani ɗan bidiyo da bai kai rabin minti ba na yadda ake ara wa aboki wasa: wani jami'in Sony, Shuhei Yoshida, ya miƙa wa abokin aikinsa Adam Boyes kwalin faifai, shi kuma ya yi godiya, shi ke nan. Ga PS4 a dala 399, Xbox One a 499. Ranar 19 ga Yuni Microsoft ta lashe amanta.

Masu saye suka ɗauka sun yi nasara, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Abin da aka kasa yi da ƙarfi sai ya zo ta hanyar sauƙi. Intanet ya ƙara gudu, mutane suka saba sauke wasa kai tsaye daga shagon na'ura ba tare da sun fita daga ɗaki ba. Wasan da ka sauke kuwa ba ka da abin da za ka miƙa wa kowa, lasisi ne aka ba ka a kan asusunka. A 2020 Sony ta fitar da PS5 iri biyu, mai cin faifai da marar ci, marar cin ta fi araha da dala 100. Xbox Series S ba ta da ramin faifai kwata-kwata. PS5 Pro ta 2024 ma sai dai ka sayi abin karanta faifan daban. A Faransa ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir ta kai kamfanin Valve, mai shagon sayar da wasanni ta intanet na Steam, ƙara, tana neman a bar mutane su sayar da wasannin da suka sauke. Ta ci shari'ar a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2022, babbar kotun ƙasar kuma ta tabbatar da rushewar a 2024. GameStop da ake kuka da shi ya rufe dubban shaguna, cinikinsa bai kai rabin na zamanin tashensa ba.

Wato yau mun shiga duniyar da kamfanoni suka ce suna so. Ba sai mun yi hasashe ba, muna iya dubawa mu gani.

Farashi ya sauko? A 2020 manyan wasanni suka fara tashi daga dala 60 zuwa 70, a 2025 Nintendo ta sa wa Mario Kart World dala 80. Adalci ne in faɗi cewa shagunan intanet suna yin rangwame mai yawa lokaci-lokaci, musamman Steam, kuma kuɗin ƙera babban wasa ya ninka sau da yawa. Amma sharaɗin nan da malaman biyu suka gindaya, na sassauta farashin sabo, ba a cika shi ba.

Masu ƙerawa fa, waɗanda aka yi ta yaƙin da sunansu? A 2023 an sallami ma'aikata sama da dubu goma a masana'antar. A Janairun 2024 Microsoft ta sallami 1,900 daga sashenta na wasanni, a Fabrairu Sony ta sallami kusan 900 ta rufe reshenta na Landan. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Tango Gameworks na Japan. Sun yi wasan Hi-Fi Rush a 2023, ta intanet kawai aka fitar da shi, a lokacin ba shi da faifan da wani zai saya na hannu ya cuce su. Ya samu yabo, ya ci kyaututtuka. A Mayun 2024 aka sanar da rufe su, sai daga baya kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya ɗauke su. Ban ce ɓacewar faifai ce ta jawo korar ba. Dalilanta daban ne: faɗaɗa aiki fiye da kima lokacin kullen korona, tsadar bashi, haɗiye ƙananan kamfanoni, da wasannin da ake shekara biyar ko shida ana yi da ɗaruruwan miliyoyin daloli. Abin da nake cewa shi ne, waɗannan su ne ke yanke wa mai zane da mai rubuta manhaja abinci, kuma duk a ofishin shugabanni ake yanke su, ba a kantar faifan hannu ba.

Mai saye kuwa ya rasa abu na zahiri. A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ta kashe na'urorin da ke riƙe da wasan tsere na The Crew, wanda ya fito a 2014. Da yake wasan ba ya aiki sai ya haɗu da waɗannan na'urorin ta intanet, daga ranar har wanda ke da faifansa a hannu ba ya iya bugawa. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Kafin nan, a 2023, gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da binciken da ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 babu inda za ka saye su sababbi. Wanda ke son ya ga aikin magabatan wannan sana'a, irin ɗan yayata, kasuwar hannu ce kusan hanyarsa ta halas da ta rage.

Mu nan gida lissafin ya ma fi fitowa fili. Lokacin da dala take wajen naira 1,500, wasan dala 70 ya haura naira dubu ɗari, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun 2024 yake naira 70,000. Ka ƙara da kuɗin data na sauke wasan da ya haura gigabait 50, da wutar da ba ta zama. Yaron da ke tara kuɗin makaranta don ya buga ƙwallo a gidan gem na unguwa, ba zaɓi yake yi tsakanin sabo da na hannu ba. Zaɓinsa tsakanin na hannu ne da na sata, ko haƙuri. A cikin ukun nan, na hannu ne kaɗai kwafin da kamfani ya taɓa cin kuɗinsa. Kuma wanda ya saba da wasa ta faifan hannu, shi ne gobe in ya samu aiki zai sayi sabon fitowa, shi ne zai sayi ƙarin kayan cikin wasa, wanda kuɗinsu kai tsaye kamfani suke tafiya ko da faifan ya ratsa hannu goma.

Inda nake ganin ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani wuri ɗaya ne. Idan kana da hali, wasan kuma sabon fitowa ne, tazarar sabo da na hannu ba ta taka kara ta karya ba, musamman in ƙaramin kamfani ne ya yi shi ko irin wasan labarin da ba shi da wata hanyar samun kuɗi bayan sayarwa, to sayi sabon. Cinikin makonnin farko shi masu jari ke dubawa kafin su ce a yi na biyu ko a watse, a nan kuɗinka yake da murya. Bayan shekara biyu ko uku, faifan da ke yawo daga Landan zuwa Legas zuwa Kano ya riga ya gama yi wa kamfaninsa aiki.

Na tambayi ɗan yayata wace shekara wasan nasa ya fito. Ya juya kwalin ya duba ƙananan rubutun da ke ƙasa, ya ce 2016. Na ce ya je ya buga abinsa, in ya gama kuma ya ba ƙaninsa.